Yadda Malami Zai Samu Rajista da Lasisin TRCN da Kansa, Mataki-Mataki

Malamai da dama, na gwamnati da na makarantun kuɗi, sun yi ta tambayata abu guda a watannin nan: ta ina ake farawa kafin a samu lasisin koyarwa? Dalilin yawan tambayar a fili yake. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta sanar cewa daga 2027, makarantar sakandaren da malamanta ba su da rajista da TRCN, hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, ba za a amince ta zama cibiyar rubuta jarrabawar WAEC, NECO, NABTEB ko NBAIS ba. Masu makarantu suka fara matsa wa malamai, malamai kuma suka fara faɗawa hannun masu cewa "kawo kuɗi a yi maka". Malam, Malama, aikin nan da kanku za ku iya yin sa. Abin da ya fi tsayar da mutane a hanya shi ne takardun da ba su dace da juna ba, sai kuma tsallake mataki saboda gaggawa.

Kafin mu shiga, a rarrabe abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa. Akwai jarrabawar cancanta, wadda ake kira PQE. Akwai satifiket ɗin rajista, wanda ke ɗauke da lambarka ta dindindin. Akwai kuma lasisi, wanda ke ƙarewa bayan shekara 3 a sabunta shi. Wanda ya ci jarrabawa kaɗai bai yi rajista ba tukuna, kuma wanda ke riƙe da satifiket amma lasisinsa ya mutu bai cika sharaɗi ba.

1. Duba ko takardarka ta koyarwa ce

Hukumar ba ta yi wa kowane mai digiri rajista. Tana neman shaidar cewa ka karanci ilimin koyarwa. Mafi ƙarancin takardar da ake karɓa ita ce NCE. Sai digirin ilimi, wato B.Ed, B.A.Ed ko B.Sc.Ed. Idan digirinka na zallar fanni ne, misali Kimiyyar Sinadarai, Tattalin Arziki, Hausa ko Larabci, ko kuma HND gare ka, sai ka haɗa da difilomar koyarwa, PGDE ko PDE. Ana yin ta a tsangayoyin ilimi na jami'o'i, da wasu kwalejojin ilimi, da kuma Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, mai hedikwata a Kaduna, wadda ke da cibiyoyin karatu a jihohi kuma tsarinta ya dace da wanda ke aiki a ranakun mako.

Tsohuwar takardar horon malamai ta Gireditu (Grade II) ita kaɗai ba ta wadatar yanzu. Haka ma malamin Islamiyya ko na Larabci da ya tsaya a takardar sakandaren Larabci, komai zurfin karatunsa na zaure, sai ya ƙara da NCE a fanninsa. Na san wannan yana yi wa wasu dattawan malamai ciwo, domin akwai wanda ya shekara ashirin a aji ya fi mai sabon digiri iya koyarwa nesa ba kusa ba. Amma na'ura takarda take karantawa, kuma gara mutum ya san haka tun kafin ya kashe kuɗinsa.

Hattara: kafin ka biya kuɗin PGDE ko NCE a wata "cibiyar karatu" ta unguwa, ka tabbatar da sunan makarantar da za ta ba da satifiket ɗin, kuma ka tabbatar hukumar kula da jami'o'i, NUC, ko ta kula da kwalejojin ilimi, NCCE, ta amince da ita. Takardar makarantar da ba a sani ba za ta dawo da kai farkon layi.

2. Gano rukuninka

Rukuni huɗu ne. D na masu NCE ne. C na masu digirin farko. B na masu digiri na biyu. A na masu digiri na uku. A rukunin A, B da C, ko dai digirin ya zama na ilimi, ko a haɗa shi da takardar koyarwa. Kuɗin da za ka biya ya danganta da rukuninka, D ne mafi sauƙi, A ne mafi tsada.

Hattara: kada ka zaɓi rukunin digirin da ba ka kammala ba. Idan kana shekarar ƙarshe ta B.Ed amma NCE ce a hannunka, kai ɗan rukunin D ne. Idan digirin ya fito, akwai hanyar ɗaga matsayi. Haka nan kada mai digiri ya sauka zuwa D don rage kuɗi, domin satifiket ɗin da zai fito ba zai dace da takardun da ke fayil ɗinsa a ofis ba.

3. Daidaita sunanka da ranar haihuwarka

A nan nake so ka fi daɗewa, domin nan ne yawancinmu muke maƙalewa. Shimfiɗa takardunka gaba ɗaya a tabarma ko a tebur: katin ɗan ƙasa mai lambar NIN, takardar haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, sakamakon WAEC ko NECO, satifiket ɗin NCE ko digiri, takardar NYSC idan akwai, da takardar ɗaukar aiki. Karanta sunan da ke kan kowace, harafi bayan harafi.

Matsalolinmu sanannu ne. A firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a kwaleji Muhammad. Hauwa a nan, Hauwa'u a can. A'isha ta koma Aishatu. Wani ya ɗauki sunan garinsu a matsayin suna na uku lokacin da ya shiga kwaleji, alhali a katin NIN sunan kakansa ne a wurin. Wani kuma an juya masa jerin sunayen, sunan mahaifi ya zama na farko. Malamai mata da yawa sun koma amfani da sunan miji a wurin aiki, takardun makaranta kuma suna ɗauke da sunan uba. Ranar haihuwa ma haka: an ba mutum 1 ga Janairu a wata takarda saboda ba a san takamaiman ranar ba, a wata kuma an sa wata rana daban.

Ga shawarata. Ka ɗauki sunan da ke kan babbar takardarka ta karatu a matsayin tushe, domin ita ce ta fi wahalar gyarawa. Idan NIN ne ya saɓa, ka nemi gyara a NIMC, hukumar da ke ba da katin ɗan ƙasa. Ana biyan kuɗi, kuma gyaran ranar haihuwa ya fi gyaran suna tsada da ɗaukar lokaci, don haka ka fara shi tun watanni kafin a buɗe rajistar jarrabawa. Idan bambancin tsakanin takardun karatu ne, ka yi takardar rantsuwa a kotu wadda ta bayyana cewa duk sunayen nan na mutum ɗaya ne. Idan canjin suna ne sosai, kamar na aure, ka haɗa da sanarwar jarida, ka ajiye shafin jaridar gaba ɗayansa da kwanan watansa, ba guntun da aka yanke ba.

Hattara: sunan da ka shigar a fotal, wato shafin rajista na TRCN a intanet, shi ne zai fito a kan satifiket. Gyara bayan an buga yana cin kuɗi da zirga-zirga. Minti biyar na dubawa kafin ka danna maɓallin aikawa ya fi maka wata uku na bin ofis.

4. Haɗa kayan aikinka

Za ka buƙaci lambar NIN, lambar waya da ke aiki kuma taka ce, adireshin imel naka na kanka, hoton fasfo na kwanan nan mai tsabtataccen bango, da kwafin takardunka a na'ura. A yi musu sikanin a kafe, kowace takarda a fayil ɗinta, a sa mata suna da za ka gane. Hoton waya yana yi idan haske ya wadata kuma gefuna huɗu na takardar sun fito, amma hoton da aka ɗauka a karkace ko mai inuwar hannu a kai yakan jawo a ƙi karɓa. Fotal yakan ƙayyade girman fayil, don haka ka roƙi mai kafe ya rage nauyinsa ba tare da rubutun ya dusashe ba.

Idan satifiket ɗinka bai fito ba, takardar sakamako ce a hannunka, ka tuntuɓi ofishin TRCN na jiharka kafin ka biya komai, su gaya maka ko za ta yi. Hukumar tana da ofis a jihohi, kuma tambaya a can kyauta ce.

Ka tura kwafin komai zuwa imel ɗinka. Waya na ɓata, filashi na lalacewa.

5. Buɗe asusunka a fotal

A 2025 hukumar ta ƙaddamar da sabon fotal domin malami ya yi rajista, ya nemi jarrabawa, ya sabunta lasisi ba tare da ya yi ta jigilar fayil ba. Ka fara daga shafin hukumar, trcn.gov.ng, ka rubuta shi da hannunka. Kada ka bi mahaɗin da aka turo a WhatsApp ko Facebook, ko da daga rukunin malaman makarantarku ya fito.

Idan a kafe za ka yi, zauna kusa da mai bugawa, idonka a kan allon. Ka ba shi imel ɗinka da lambar wayarka, kada ka yarda ya sa nasa "don a yi sauri". Wannan kuskuren ya fi kowanne yawa a garuruwanmu. Ranar da za a turo saƙon wurin jarrabawa ko na sake kalmar sirri, wurinsa zai je, wataƙila ma ya rufe shago ya bar gari. Ka zaɓi kalmar sirri da kanka, ka rubuta ta a littafin da kake ajiyewa a gida, sannan ka tabbatar an fita daga asusun kafin ka tashi.

Hattara: idan ka taɓa yin rajista a baya, musamman waɗanda suka yi kafin a fara jarrabawar PQE a 2017, kada ka buɗe sabuwar rajista kamar baƙo. Lambarka tana nan. Nemo tsohon satifiket ɗinka, ka yi amfani da lambar da ke kai. Idan ya ɓace, ofishin jiha za ka nufa da shaidar ko kai wane ne. Mutum ɗaya da rajista biyu rikici ne da ke ɗaukar lokaci kafin a warware.

6. Biyan kuɗi

Kuɗin hukumomin tarayya ta Remita, wani tsarin biyan kuɗi na intanet, ake biya, ba a asusun wani mutum ba. Za a fitar maka da lambar biya da ake kira RRR, ka biya da katinka ko a banki. Kafin ka biya, duba abu uku a takardar: sunanka, sunan hukumar, da abin da kake biya wa, domin kuɗin jarrabawa daban, na rajista daban, na lasisi daban. Adadin da fotal ya nuna wa rukuninka a ranar shi ne abin dogaro, ba abin da wani abokin aiki ya biya shekara biyu da suka wuce ba.

A lissafinka ka sa ƙananan kuɗaɗen da ake mantawa: cajin banki, ladan mai kafe, sikanin da buga takardu, hoton fasfo, takardar kotu da jarida idan kana buƙata, kuɗin mota zuwa cibiyar jarrabawa, da na kwana idan daga ƙaramar hukuma mai nisa kake. Ga malamin firamare da albashinsa bai kai ƙarshen wata ba, waɗannan ba ƙananan abubuwa ba ne, shi ya sa ya fi kyau a raba su kan albashi biyu ko uku maimakon a ci bashi a makon ƙarshe.

Hattara: idan an cire kuɗi amma fotal bai nuna ba, kada ka sake biya nan take. Ajiye saƙon banki da rasit, ka duba matsayin lambar RRR ɗin a shafin Remita, ka ba shi lokaci. Kuma duk wanda ya ce ka tura masa kuɗi a asusunsa zai "fito maka da lasisi ba jarrabawa", takardar bogi zai ba ka. Ranar tantance ma'aikata lambar za a duba, ba kyawun takardar ba, kuma abin da zai biyo baya ya fi rashin lasisin muni.

7. Shirin jarrabawa

A kwamfuta ake yin ta, irin ta JAMB, tambaya da zaɓin amsoshi. An saba shirya ta zango-zango a shekara, don haka ka riƙa leƙa shafin hukumar domin sanin ranar buɗewa da rufewa. A gyaran da aka yi a 2025, an rage fannonin daga 23 zuwa 5: karatu da rubutu, lissafi na tushe, sanin na'urorin zamani, dabarun koyarwa, da kare lafiya da mutuncin yara. A ganina wannan gyara ne mai ma'ana, domin ya karkata ga abin da malami ke yi a aji. Sai dai yana nufin tsofaffin littattafan tambayoyin da ake sayarwa a bakin kwalejoji ba su wadatar su kaɗai. Ka yi amfani da su don sabawa da salon tambaya, amma ka bi manhajar da hukumar ta fitar.

A fannin dabarun koyarwa, koma wa littattafanka na NCE ko PGDE: tsara darasi, rubuta manufar darasi, kayan koyarwa, sarrafa aji, auna fahimtar ɗalibai. A fannin kare yara, ka yi tunani a kan yanayi na zahiri: me malami zai yi idan ya ga alamar duka a jikin yaro, ko yarinya ta kawo ƙarar wani babba, ko ɗalibai suna cin zalin wani. Amsar da ake nema ita ce wadda ta sa lafiyar yaro a gaba kuma ta bi hanyar kai rahoto, ba ta rufa-rufa ba.

Tambayoyin da Turanci suke. Malaman Hausa da na Larabci su ba wa wannan lokaci na musamman, su riƙa karanta tambaya sau biyu, su lura da kalmomin da ke juya ma'ana.

Wanda bai saba da kwamfuta ba, ya je kafe ko ɗakin kwamfutar makaranta ya zauna ya koyi riƙe linzamin kwamfuta, zaɓar amsa, wucewa gaba, komawa baya, da miƙa aiki a ƙarshe. Malamai da yawa sun san amsa, hannu ne ke rawa. Ka sa ɗanka ko ɗalibinka da ya rubuta JAMB ya nuna maka. Babu abin kunya a ciki.

8. Ranar jarrabawa

Buga takardar shiga tun kwana biyu kafin ranar, ka duba cibiya da lokaci. Idan ba ka san wurin ba, je ka gano shi tun jajibiri. Ka tafi da takardar, da katin shaida mai hoto, da rasit. Ka isa da wuri, domin tantancewa a ƙofa tana cin lokaci. Mai shayarwa ta taho da wanda zai riƙe mata jariri a waje.

Da ka zauna, duba sunan da hoton da suka fito a allon. Idan ba naka ba ne, ko kwamfutar ta tsaya, ko wuta ta ɗauke, ɗaga hannu ka kira jami'i, kada ka taɓa komai da kanka. Fara da tambayoyin da ka sani, ka dawo kan masu wuya, kada ka bar ko ɗaya babu amsa. Kafin ka tashi, tabbatar allon ya nuna an karɓi aikinka.

Hattara: kada ka sa wani ya zauna maka. Malamin da aka kama da wannan ya zubar da abin da ya fi lasisi daraja a gaban ɗalibansa.

9. Sakamako, rajista da karɓar lasisi

Idan sakamako ya fito, duba shi da lambar jarrabawarka, ka buga, ka ajiye. Wanda bai ci ba, yana iya sake zama a zango na gaba da sabon biya. Wanda ya ci kuma kada ya tsaya nan, kamar yadda da yawa ke yi. Sai ka biya kuɗin rajista da na lasisi, ka cika abin da ya rage, sannan a ba ka lamba da satifiket da lasisi. Ɗaliban shekarar ƙarshe a kwalejoji da tsangayoyin ilimi sukan yi nasu ta hannun makarantarsu, har a yi musu bikin rantsarwa. Idan kai ɗalibi ne, kada ka bari wannan damar ta wuce ka, domin ta fi sauƙi a kan ka dawo kana nema kai kaɗai bayan ka bar makaranta.

Da takardun sun zo hannunka, karanta suna, rukuni da ranar ƙarewa. Kai kwafi ga shugaban makaranta, da ofishin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ko SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, idan kai malamin firamare ne, ko hukumar da ke kula da malaman sakandare a jiharku, a sa a fayil ɗinka. Asalin takardar kuma a gida take zama.

10. Sabuntawa

Rubuta ranar ƙarewar lasisin a bangon littafin darasinka, ka fara shirin sabuntawa wata uku kafin ta zo. Hukumar tana ɗaure sabuntawa da ci gaba da ƙaro ilimi a bakin aiki, saboda haka duk bitar da ka halarta, ta SUBEB ce, ta NTI, ko ta ƙungiyar malaman fanninka, karɓi takardar shaida ka adana. Idan akwai kuɗin shekara da ake bin ka, biya shi kafin ya taru. Wanda ke tunanin koyarwa a ƙasar waje, kamar Ingila, zai buƙaci wasiƙar shaidar kyakkyawan matsayi daga TRCN, kuma samun ta ya fi sauƙi ga wanda rajistarsa da lasisinsa suke a raye.

Ga shugabannin makarantu da masu makarantun kuɗi

Ranka ya daɗe, barazanar kora ba ta fito da lasisi ko ɗaya. Abin da ke aiki shi ne tsari. Ɗauki takarda guda, ka jera malamanka kashi huɗu: masu lasisi mai rai, waɗanda nasu ya mutu, masu takardar koyarwa da ba su yi jarrabawa ba, da waɗanda sai sun yi PGDE ko NCE tukuna. Kashi na ƙarshe su za ka fara da su, domin nasu ne ke cin watanni, kuma 2027 ba ta da nisa ga wanda bai ma nemi gurbin karatu ba. Ka sassauta musu jadawalin ranar da suke da lacca.

Ware rana ɗaya ta duba takardu, kowa ya zo da nasa, malamai biyu masu natsuwa su bi suna da ranar haihuwa. Malamin kwamfuta ya buɗe ɗakinsa bayan tashi, sau biyu a mako, a yi gwaji. Idan makaranta za ta iya, ta biya wa malamai kuɗin a cire a albashi kaɗan-kaɗan, amma kowane biya ya fita da sunan mai shi da lambarsa ta RRR, rasit kuma ya koma hannunsa. Ranar jarrabawa a ɗauki mota ɗaya a kai su tare.

Abu ɗaya nake roƙon masu makarantun kuɗi su daina: riƙe asalin satifiket ɗin malami a ofis don kada ya bar aiki. Lasisin na malami ne, da sunansa aka yi shi, kwafi ya ishe ku nuna wa masu duba makarantu.